Yadda ake ɗauko karen tsere da ya yi ritaya a Ingila, da yadda za ka riƙe shi

Daren farko da na kawo Duna gida, ƙofar gilas ɗin da ke fita bayan gida ya nufa kai tsaye ya buga mata hanci, ya ja da baya ya tsaya yana kallona jikinsa na rawa. Kare ne mai kilo 32, shekararsa 4, ya yi tsere gaban jama'a da fitilu da hayaniya, amma bai taɓa ganin gilas a tsaye kamar bango ba, bai san madubi ba, bai san matakalar bene ba, ƙarar injin wanki ma sai da ta sa ya maƙale a lungu. In ka riƙe wannan a ranka ka gama rabin aikin: babban kare ne za a ba ka, amma zaman gida bai san ko ɗaya daga cikinsa ba, kai ne za ka koya masa, kuma a hankali.

Karen da nake magana Turawa na ce masa girehawun. Doguwar ƙafa, ciki a ɗame, ƙirji mai zurfi, kai siriri, yana iya kaiwa wajen kilomita 70 a awa. Duk wanda ya taɓa ganin karnukan Buzaye na yankin Azawak zai gane ƙirar nan take, ai dangin juna ne a wajen aiki, da ido suke farauta ba da hanci ba. A Birtaniya tun 1926 aka fara tseren nan a filin Belle Vue na Mancesta, filin da aka rufe a 2020, kuma gaskiyar magana caca ce ke riƙe da harkar. Karnuka shida ake jerawa kowanne da 'yar rigarsa mai lamba, a saki zomon roba ya zagaya filin su bi shi, mita 480 ko kusa da haka, ƙasa da daƙiƙa 30 an gama. To in kare ya kai shekara 3 zuwa 5 gudunsa ya ragu ko ya ji rauni, shikenan aikinsa ya ƙare, alhali yana iya rayuwa har shekara 12 ko sama. Harkar ma sai ja da baya take, mutanen Fulorida a Amurka sun kaɗa ƙuri'ar hana ta a 2018, gwamnatin Niyuzilan ta sanar da hanawa a Disamba 2024, Wales ta biyo a Fabrairu 2025, kaga duk filin da aka rufe karnuka ne za su fito neman gida.

Mataki na farko, kafin ka kira kowa

Ka zauna da iyalinka tukuna. Na san a wajenmu maganar kare a cikin gida ba ƙaramar magana bace, kuma ba zan tsallake ta ba. A mazhabar Malikiyya da akasarinmu muka tashi a kai kare mai rai ba najasa bane, wanke ƙwaryar da ya yi lallagi a ciki sau bakwai umarni ne da ake bi, Shafi'iyya kuwa sun tsananta a kan najasarsa. Sannan akwai hadisin raguwar lada ga mai ajiye kare in ba na farauta ko kiwo ko gona ba, akwai na mala'iku da gidan da ke da kare, akwai kuma na mutumin da aka gafarta wa saboda ya shayar da kare mai ƙishi. Ka kai wa malaminka maganar yadda take, ka kuma gaya masa abu biyu: wannan karen ba na gadi bane, da wuya ma ka ji haushinsa, ɓarawo zai shigo yana kwance, sannan farautar babban zomon daji da Turawa ke ce wa hare da karnuka dokar 2004 ta hana ta a Ingila da Wales. Ni na yi wannan zaman kafin na ɗauko, kuma a gidana Duna yana ƙasa ne, kicin da ƙaramin ɗakin baya, baya hawa sama, baya shiga inda muke sallah, akwai 'yar ƙofar nan ta tare yara a tsakani. Abin da ba zan taɓa goyon baya ba shine ka karɓo shi sannan ka ɗaure shi a waje cikin sanyin ƙasar nan, wallahi wannan zalunci ne, jikinsa ba kitse, gashinsa ɗan siriri, ba zai jure ba. In matarka ko mahaifiyarka da ke zaune da ku ba ta yarda ba, ka haƙura kawai.

In haya kake sai mai gidan ya yarda a rubuce. In kana da fili a baya ka duba shingen, yawancin cibiyoyin da ke nema wa karnukan nan gida suna son ƙafa 5 zuwa 6 ba rami ba ɓaraka. In kuma aikinka na fita tun asuba ne sai dare babu kowa a gida, ba naka bane, shawarar da suke bayarwa kar ya wuce awa 4 shi kaɗai. Sai kuɗi: abinci, inshora duk wata, maganin ƙuma da tsutsar ciki, rigakafin shekara-shekara, ka lissafa na shekara takwas ba na wata ɗaya ba.

Mataki na biyu, inda za ka same shi

Kar ka saya a hannun wani da ya sa talla a Facebook. Ka je cibiyar da aka sani, babbar cikinsu Greyhound Trust da aka kafa a 1975 tana da rassa a faɗin ƙasar, akwai kuma ƙanana masu zaman kansu kusan kowane yanki. Hukumar da ke kula da tseren, GBGB, tun Satumba 2020 ta fito da tsarin ajiye kuɗin ritaya ga kowane kare, fam 400 ne lokacin da aka fara, rabi daga mai karen rabi daga hukumar, kuɗin na bin karen zuwa cibiyar da ta karɓe shi. Kai kuma za ka cike fom, su zo su duba gidanka ko su duba ta bidiyo, ka ba da gudummawar da suka yanka.

A fom ɗin nan ka faɗi gaskiya tsakaninka da Allah. Kana da kyanwa, ka faɗa. Kana da jariri, ka faɗa. Karen ba zai hau bene ba, ba zai hau kujera ba, ka faɗa, ni da na faɗa matar da ta zo duba gidan cewa ta yi ai wasu karnukan ma sun fi son haka. Maganar kyanwa ita ce mai hatsari, wasunsu kaɗan ana gwada su a ga za su iya zama da mage, amma da yawa ba za su taɓa iyawa ba, shekaru aka yi ana koya musu bin ƙaramin abu mai gashi da gudu.

Ka je ka fita yawo da biyu ko uku kafin ka zaɓa, kuma kar kyan launi ya ja ka. Masu cibiyoyin suna yawan kukan cewa baƙaƙe sun fi daɗewa ba a ɗauka ba, musamman maza manya, abin da ya sa na tsaya kan Duna kenan, da na tsuguna sai ya zo ya jingina dukkan nauyinsa a kafaɗata ya tsaya shiru. Ka tambaye su me ya sa ya bar tsere, ko ya taɓa karaya, yaya haƙoransa, wane abinci yake ci yanzu da ƙarfe nawa, an yi masa dandaƙa ko in mace ce an cire mahaifa, rigakafi ya cika. Ka leƙa cikin kunnensa za ka ga haruffa da lambobi da aka zana da tawada, in kunne biyu ne haihuwar Ayalan ne, kuma su ne suka fi yawa, in na dama ne kaɗai haihuwar Ingila. Da sunansa na tsere za ka iya ganin duk gasar da ya yi a intanet. Ɗan cif ɗin nan mai kamar ƙwayar shinkafa da ke ƙarƙashin fatar wuyansa dole ne a doka tun Afrilu 2016, ka tabbata an mayar da shi sunanka da lambar wayarka, sannan in zai fita waje dole abin wuyansa ya ɗauki sunanka da adireshinka.

Mataki na uku, kayan da za ka tanada

Abin wuya ba irin na kowane kare ba. Kansa ya fi wuyansa sirantaka, in ya ja da baya na gama-gari zamewa yake ya fice, don haka ko mai faɗin nan na fata, ko wanda ke ɗan tsukewa in an ja ya tsaya iyakarsa, mai tsoro kuma a ƙara masa ɗamarar ƙirji. Igiya gajera mai ƙarfi ka naɗa a hannu, wannan mai shiga da fita kamar awon tela ka rabu da ita sam, cikin 'yan taku kaɗan yake kai ƙarshen gudunsa, ko ta fizge daga hannunka ko ta ji masa a wuya. Takunkumi irin na roba mai kamar kwando, yawanci su suke ba ka, ya saba da shi tun yana ƙarami, yana haki yana shan ruwa da shi lafiya lau. Shimfiɗa mai laushi sosai, tsohon bargo mai kauri a ninka biyu ya isa, don ƙasusuwansa a waje suke, tsandaurin ƙasa na fitar masa da gyambo a gwiwa. Riga ta sanyi da ta ruwan sama. In tayil ne ko katako mai santsi a gidanka ka shimfiɗa guntayen kafet a hanyar da zai bi, ƙofar gilas kuma ka manna mata takarda daidai tsayin idonsa, abin da ban yi ba kenan ranar farko.

Mataki na huɗu, kwanakin farko

Da kun iso kar ka shiga da shi ciki, ka wuce da shi bayan gida da igiya ka tsaya har ya yi fitsari, ka yaba masa da murya mai taushi. Shikenan ya gane nan ne wajen. Daga nan duk bayan awa biyu ko uku, da in ya tashi barci, da in ya ci abinci, da kafin ku kwanta. Sun saba ba sa ɓata wajen kwanansu, saura ya gane duk gidan ne wajen kwanan. In ya yi kuskure ka goge ka yi shiru, tsawa ko duka ba ta koya masa komai sai tsoronka, kuma wannan karen mai raunin zuciya ne ƙwarai, ɗaga murya kaɗai na sa ya yini a takure.

Kar ka tara masa mutane. Na san halinmu, da an ji an yi sabon abu 'yan'uwa za su cika falo yara na ihu, ka ce su bari sai bayan sati biyu. Zai yi ta haki yana zagaye, ƙila ya ƙi cin abinci kwana ɗaya ko biyu, ƙila ya yi kuka da dare don tunda aka haife shi bai taɓa kwana ba tare da wasu karnuka kusa ba. Ni dare uku na yi a kan katifa a ƙofar kicin, na huɗu na koma ɗakina. Zaman kaɗaici kuma tun washegari za ka fara koya masa, ka fita minti 2 ka dawo ba tare da wani ɗoki ba, sai 5, sai 15, a haka har awa.

Ga wanda nake so kowane mai yara ya karanta sau biyu. A inda ya fito ba wanda ke taɓa shi yana barci, ƙarar ƙofa ce ke tashinsa kafin mutum ya iso. To wasunsu in an taɓa su cikin barci a firgice suke tashi da gurnani har da kai cizo kafin su gane waye, kuma suna iya barci ido a ɗan buɗe ka zaci a farke suke. Dokar gidana ita ce ba mai zuwa shimfiɗar Duna, in kana son shi ka kira sunansa daga nesa ya ɗago ya zo da kansa. Haka lokacin cin abinci, a bar shi shi kaɗai. Ƙaramin yaro da kare kuwa ba a barinsu su biyu a ɗaki, komai haƙurin karen.

In zai riƙa hawa bene a gidanka sai ka koya masa da hannu, kana bayansa ka ɗaga ƙafa ɗaya-ɗaya kana ɗora wa, a saukowa kana gefensa riƙe da abin wuya don kar ya yi tsalle ɗaya daga sama. Kar kuma ka dame shi da sai ya zauna kamar sauran karnuka, cinyoyinsa sun yi kauri, da yawansu zaman ba ya musu daɗi, ko tsaye ko kwance.

Alamar ya saki jiki ba ta ɓuya. Wata na biyu na shigo kicin na tarar da Duna a rigingine, ƙafafu huɗu a sama, baki a ɗan buɗe harshe a gefe, sai da gabana ya faɗi na zaci wani abu ne ya same shi, ashe barcin wanda hankalinsa ya kwanta ne.

Mataki na biyar, yawo

Mutane na zaton sai ka yi ta gudu da shi. A'a, ɗan gajeren zango ne, minti 20 da safe minti 20 da yamma ya ishi yawancinsu, sauran yinin barci, awa 16 har 18. Satuttukan farko da takunkumi za ku fita, don bai taɓa ganin wani irin kare ba sai irinsa, ɗan ƙaramin farin kare mai gashi yana gudu a idonsa zomo ne, sai a hankali yake gane shi ma kare ne.

Kar ka kwance masa igiya a buɗaɗɗen wuri. Ko ya san sunansa, ko wata shida yana bin ka kamar jela, ranar da ya hango kurege ko mage a can nesa inda kai ba ka ma gani ba, kunnensa toshewa yake, kuma bai san mota ba, bai san waya mai ƙaya ba. A karkara in ya bi tumaki laifi ne a kanka tun dokar 1953. In kana so ka ga gudunsa akwai filaye masu shinge da ake haya na awa ɗaya, ka kai shi can, zagaye biyu uku zai yi kamar iska ya dawo ya tsaya gabanka yana haki, ya gama.

Wani lokaci kuna cikin tafiya zai ƙame ƙam kamar an dasa shi. Ba taurin kai bane, abin ne ya yi masa yawa, bas ko keke ko taron 'yan makaranta. Kar ka ja shi ta ƙarfi, ka tsaya gefensa ka ɗan jira, ko ku juya ku yi ɗan zagaye sannan ku ci gaba, gobe ka zaɓi hanya mai shiru. Leda kuma kullum a aljihu, kwashe kashi dole ne, ƙaramar hukuma na cin tara. Farkon Nuwamba, musamman daren 5 ga wata, da daren sabuwar shekara, wasan wuta ake ta ko'ina kamar nokawut, ku fita tun da haske, ka ja labule ka kunna rediyo.

Zafi ya fi sanyi saurin kashe shi. Ranar da rana ta buɗe a bazarar Turai sai da sassafe ko bayan magariba, ka ɗora bayan hannunka a kwalta, in ya ƙona ka zai ƙona masa tafi, kuma ko minti biyar ba a barinsa a mota. Shi ya sa masu tambayata ko za a iya turo musu irinsa Kano ko Maraɗi nake cewa su nemi karen gida na farauta da ya saba da ranar can.

Mataki na shida, abinci

Sau biyu a rana, safe da yamma. Ka fara da abin da yake ci a cibiyar, in za ka canza ka riƙa gaurayawa kaɗan-kaɗan tsawon sati ɗaya zuwa kwana 10, in ba haka ba zawo. Busasshen abinci mai furotin wajen kashi 20 cikin 100 ya fi dacewa da wanda ya daina tsere, a zuba ɗan ruwan ɗumi, sau ɗaya ko biyu a sati nakan ƙara masa kifin gwangwani. A bar awa ɗaya tsakanin cin abinci da gudu, gaba da baya, saboda masu zurfin ƙirji irinsa cikinsu na iya kumbura tumbin ya murɗe. In ka ga ciki ya ɗaure kamar ganga, yana kakarin amai ba abin da ke fitowa, yana dalala yana kasa kwanciya, ko ƙarfe 2 na dare ne ka ɗauke shi sai likita, awoyi ke tsakaninsa da mutuwa.

Wata gwaggonmu da ta zo ta gan shi cewa ta yi, ɗan nan wannan kare ai yunwa za ta kashe shi, ba ka tsoron Allah? Na nuna mata kwanonsa na ce gwaggo haka halittarsa take. Haƙarƙari biyu ko uku na ƙarshe su ɗan nuna shine daidai, ƙiba ce ke lalata masa gaɓoɓi.

Kicin ɗinmu kuwa cike yake da abin da ke cutar da shi, kuma tsayinsa ya kai kan kanta ba sai ya yi tsalle ba. Albasa da tafarnuwa na lalata masa jini, kaga ragowar miya da dafaduka da tsire mai yaji duk sun fita. Inabi da zabibi na kashe ƙoda. Cakulan, kofi, da goro, eh goro, don sinadaran da ke cikinsa irin na kofi da cakulan ne, in dattijo ya zo ya ajiye nasa a kan tebur ka ɗauke. Cingam marar suga mai zailitol, ƙwallon dabino, da ƙashin kaza dafaffe da ke tsagewa ya huda hanji. Lokacin azumi da layya da nama ke ko'ina na fi sa ido. A lambu kuma ka hana shi lasar dodon koɗi, yana ɗauke da tsutsar huhu, ka tabbata maganin da likita ke ba shi duk wata ya haɗa da ita.

Mataki na bakwai, likita

Cikin satin farko ka yi masa rajista, kuma ka tambaya kai tsaye ko sun saba duba karnukan tsere, don jininsu daban yake da na sauran: jajayen ƙwayoyin jini sun fi yawa, farare da masu daskarar da jini sun fi ƙaranci, awon ƙoda kan ɗan haura, na maƙoƙo kan yi ƙasa, duk lafiyarsu ƙalau, wanda bai sani ba sai ya ɗora shi kan maganin da ba ya buƙata. Wasu magungunan sa barci na tiyata suna daɗewa a jikinsu, wasunsu kuma kan yi zubar jini kwana ɗaya ko biyu bayan tiyata, likitan da ya sani zai shirya tun kafin.

Haƙora ne babbar matsalarsu, da yawa suna zuwa da dattin da ya daskare da warin baki. Buroshi kullum da man goge baki na karnuka, ba namu ba. Farce a rage duk bayan sati biyu zuwa uku, in kana jin ƙas-ƙas a tayil ya yi tsawo. Fatarsa kamar takarda take, ƙaya kaɗan sai ta yage har a yi ɗinki, ka ajiye bandeji da ruwan gishiri. In yana ɗingishi a kan kwalta amma a ciyawa ya taka lafiya, ka duba tafin ƙafarsa, sau da yawa kanta ce ta fito masa mai tauri kamar tsakuwa. Amma ɗingishin da ya ƙi tafiya bayan 'yan kwanaki, ko kumburi a ƙashin ƙafa, musamman in ya fara manyanta, ka nemi a ɗauki hoto kar ka jira, kansar ƙashi ta fi yawa a irinsu.

Takardar da ka sa wa hannu ranar ɗauka akwai sharaɗi a ciki, in rayuwa ta juya, aiki ya mayar da kai wata ƙasa ko za ka koma gida gaba ɗaya ko rashin lafiya ta zo, cibiyar za ka mayar wa da shi, ba a sayarwa ba a kyautarwa ga wanda ba su sani ba. Kuma ba sai abu ya ɓaci za ka kira su ba, ni a watan farko sau huɗu na kira, ɗaya a kan kukan dare, biyu a kan ƙamewar nan a hanya, ɗaya a kan zawo, duk sun ɗauka sun saurare ni. Lambarsu da ta likitan dare suna manne a jikin firij ɗina, kowa a gidan ya san inda suke.